Bokiti Mai Jan Murfi

Shafi na 11

Sallama gare ku jama'ar gidan nan. Masu damuna da tambayar abin da ya hana Namadi tsayawa cin tuwo ranar da aka kai kayan, ku gyara zama.

*

Sufyan na tsugune a tashar Illo yana ɗaure buhuna a bayan mashin, bakinsa bai huta ba tun da ya iso. Yau ake gayyar yankan shinkafa a gonar mahaifinsa, Baba Arzika, can fadamar Geza. Mutum ashirin da wani abu suna duƙe tun hantsi, shi kuma an aiko shi sayen buhuna da tamfal na sussuka.

"Wallahi da ka ga fuskar matata Hamdiyya," yake faɗa wa mai buhunan. "Shekara huɗu tana girki da ludayin da aka ɗaure da waya, ba ta taɓa buɗe baki ta ce min komai ba. Shekaranjiya na tsallaka Madekali, can Benin, na haɗo mata kaya. Ludayi mai dogon hannu, mataci, matsamin ƙosai, abin goga kuɓewa, wuƙa mai kube. Ka san wanne ya fi burge ta?"

"Wuƙar," in ji mai buhuna, "don ta ji daɗin yanka ka."

"Bokiti! Wani fari mai jan murfi, murɗa shi ake yi. Ko ka kifa shi, ɗigo ba ya fita. Abokina Namadi ya ƙara min shi cikin kyautar, har da ɗan kofin awo mai zane-zane a jiki. Ɗiyata Lami ta riƙe kofin ta ce nata ne, da shi ta kwana. Yau Hamdiyya a cikin bokitin za ta kai wa 'yan gayya kunun tsamiya. An huta da rufe roba da faifai, rabin kunu na zubewa a hanya."

"Wane bokiti?"

Muryar daga bayansa ta fito.

Sufyan ya waiga. Wani dattijo ne dogo, ƙafafunsa duk busasshen laka, ya riƙe Namadi a wuyan riga kamar wanda ya kama ɓarawon akuya. Ya san shi. Kawu Ɗanmusa ne, ƙanin mahaifiyar Namadi, manomin auduga a tsallaken iyaka.

"Kawu, ina wuni? Lafiya kuka..."

"Aje gaisuwa, yaro. Wane bokiti ka ce?"

Sufyan ya dubi Namadi. Namadi ƙasa yake kallo, gumi na bin goshinsa.

"Fari ne, Kawu. Mai jan murfi."

"Akwai ƙuna gefen hannunshi, inda wuta ta taɓa lasa?"

"Akwai."

Dattijon ya saki rigar Namadi, ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Sufyan ya matso kusa da shi.

"Kawu, mi ya faru? In naka ne aka ɗauko ba ka sani ba, yanzu in tahi in maido maka."

"Kai, hwaɗa mishi," in ji Kawu Ɗanmusa, ya mangare Namadi a ƙeya. "Hwaɗa mishi da bakinka."

"Na wanke shi fa," Namadi ya ce. "Sufyan, wallahi na wanke shi. Da omo, da toka, da yashi. Sau uku. Wuni guda yana shan rana."

"Ka wanke mi?"



"Namadi, da kai nike magana. Mi ka wanke daga ciki?"

"Maganin auduga," Kawu Ɗanmusa ya amsa a madadinsa. "Damina uku ina dama maganin ƙwari cikin wanga bokiti. Kofin kuwa da shi nike auna shi tsagwaronshi, kahin a sa ruwa. Bayan rumbu na rataye su inda yara ba su kaiwa. Yau na je ɗaukowa, babu. Matata ta ce ta ga wanga shashasha da su."

Sufyan ya yi wata 'yar dariya da shi kansa bai san daga ina ta fito ba.

"Ai ba komai a jikinshi, Kawu. Fari ne tas. Ko rubutu babu."

"Akwai takarda da."

"Ban gani ba."

"Ni na kankare ta," in ji Namadi a hankali. "Da Faransanci aka rubuta, wa zai karanta? Kuma ta ɓata mishi kyau. Ka ce kana son kaya masu kyau, na ga ba ka samu bokiti a kasuwa ba, na ce bari in fidda ka kunya..."

"Rubutun ne ba ka iyawa," Kawu ya katse shi. "Hoton hwa? Hoton ma da Faransanci aka zana shi?"

"Wane hoto?" Sufyan ya tambaya.

Namadi ne ya amsa.

"Ƙoƙon kan mutum. Da ƙasusuwa biyu."

Sufyan bai san lokacin da ya shaƙe shi ba. Sai ji ya yi mai buhuna da wasu 'yan kabu-kabu suna ɓamɓare masa yatsu.

"Ka gani! Ka gani da idonka ka kankare, ka miƙa wa matata tana yi maka godiya? Shi ya sa ka ƙi zama cin tuwo?"

"Na ɗauka wanki na fidda shi! Kowa na zuba ruwa cikin jarkar fetur in ya wanke, wa ya mutu?"

"Wanga ba fetur ba ne," in ji Kawu Ɗanmusa. "Roba tana shan shi kamar yadda sabuwar tukunyar ƙasa ke shan ruwa. Malaman gona sun ce mu huda mu binne, ni ne na ga ɓarna ce na aje. Bara na ɗauraye shi, na zubar da ruwan gindin bishiya. Tunkiyata biyu suka lasa. Kahin in gama alwala sun miƙe ƙafa."

Ya matso, ya kama kafaɗar Sufyan.

"Yaro, mi ka ce za a zuba ciki?"

"Kunu."

"Mai zahi?"

Sufyan ya ɗaga kai kawai. 

"Zahi shi ke fiddo shi. Mutum nawa?"

"Sun fi ashirin. Har da Baba."

"Yaushe ake kai musu?"

"Kahin azahar."

Dukansu suka ɗaga kai suka dubi rana. Tana tsakiyar ka, inuwar mutum ta koma ƙarƙashin ƙafarsa.

Sufyan ya zaro waya. Sau biyu yana danna lambar da ba ita ba. Ya samu ta Hamdiyya ya kara a kunne.

Wata mata ce ta amsa da Faransanci.

"Layin ya tsallaka," in ji mai buhuna. "Tun safe haka yake yi, sabis ɗin Benin yake kamawa. Gwada tawa."

Ya gwada. Ta shiga, tana ta ringin. Ya san inda wayar take, kamar yana kallonta: a kan taga, cikin kwanon sha, inda Hamdiyya ke ajiye ta duk ranar da take da babban girki don kada Lami ta jefa ta a ruwa.

Ya kira ƙaninsa da ke cikin 'yan gayya. A kashe. Fadama ba sabis.

"Bar wayar nan," Kawu ya ce. "Tada mashin. Ni zan hau bayanka, don in kai kaɗai ka je ba mai yarda da kai. Kai kuma," ya nuna Namadi, "ruga asibiti. Ka ce maganin auduga ne, ka ce mutane da yawa, su shirya. In ka tsaya ƙarya a can ma, Allah ya isa tsakanina da kai."

Sufyan ya yanke igiyar da ya gama ɗaurewa, buhunan suka zube a ƙasa. Bai waiwaye su ba.

*

Bai bi titi ba. Shingaye uku ne tsakaninsa da mararrabar Geza, kuma duk wanda ya taho da irin wannan gudu daga wajen iyaka sai an tsayar da shi an duba abin da ya ɗauko. Ya yanke ta hanyar shanu, wadda 'yan fito, masu fasa-ƙwauri, ke bi.

Yashi, kwari, saiwar bishiya. Mashin na tsalle, dattijon na ƙanƙame da cikinsa.

"Kawu!" ya ɗaga murya saboda iska. "Ba za su ji wari ba? Ai in da wari za su ƙi sha!"

"Mi take sawa cikin kunun?"

"Tsamiya. Citta. Kanumfari. Barkono kaɗan."

"Za su danne warin," in ji Kawu. "Ƙara wuta."



Ya tuna da safe. Hamdiyya ta jera kayan a kan tabarma tana goge su ɗaya bayan ɗaya da gefen zaninta, alhali ba abin da ya taɓa su. Ta rataye ludayin a ƙusa, ta sauko da shi, ta sake ratayewa. Ta ce, "Baban Lami, yau matan Geza za su san ni ma ina da miji." Ya yi dariya har da buga ƙafa.

Shi ya kawo. Da hannunsa ya miƙa mata.

"Ya Allah," yake ta faɗi, "ka sa wake ya ƙi nuna. Ka sa itace ya ƙi kamawa. Ka sa ta makara yau kaɗai."

Amma ya san matarsa. Hamdiyya ba ta taɓa makara da abincin gona ba.

Garken shanu ya tare hanya a bakin wani rafi. Ya danna hon har ya shaƙe. Bafulatanin ya ɗaga sanda zai yi faɗa, Kawu ya jefa masa magana da Fulatanci, kalma uku ko huɗu. Mutumin ya saki baki, ya shiga korar shanun da gudu yana buɗe musu hanya.

Da suka kai mararraba Sufyan ya rage gudu. Hagu gida, dama fadama.

"Ina?" in ji Kawu.

Ya dubi ƙasa. A kan yashin hanyar dama ga sawun silifas, ƙanana, dugadugan hagu ya ɗan karkace. Shi ya saya mata su.

Ya karya kan mashin dama.

*

Mashin ba ya shiga fadama. A bakin kunyar gona ya yar da shi, tayar baya na ta juyawa, ya zuba da gudu cikin karan shinkafar da aka yanke. Laka ta cire masa takalmi ɗaya.

Daga nesa ya hango su a gindin ɗorawa.

Sun ajiye lauje. Sun zauna a da'ira. Ga manyan kwanonin shinkafa da wake ba a buɗe ba tukuna, domin a gidan Baba Arzika da kunu ake fara jiƙa maƙoshi. Ga Hamdiyya a durƙushe, sabon ludayin a hannunta. Ga farin bokitin a gabanta, jan murfin a gefe, tururi na tashi.

Ƙoƙuna sun kai shida a cike, an jera. Ba wanda ya taɓa nasa. Ana jiran babba.

Baba Arzika ya ɗauki na farko da hannu biyu, yana hurawa.

"Baba!"

Iska ta kwashe muryar.

"Baba, kar ka sha!"

Wasu suka waigo. Wani ya yi dariya ya ce, "Ga ango ya ji ƙamshin kunu."

Baba Arzika ya ce, "Bismillahi," ya kai ƙoƙon baki.

Sufyan ya faɗa kansa gaba ɗaya. Ya doke ƙoƙon, kunu ya watsu a gemun tsohon da gaban rigarsa. Bai tsaya ba, ya juya ya sa ƙafa ya hamɓare bokitin, ya bi ƙoƙunan yana shuri ɗaya bayan ɗaya.



Kunun ya malala cikin ƙasa, kauri gare shi, ja-ja, irin wanda Hamdiyya kaɗai ta iya.

Baba Arzika ya miƙe a hankali. Marin da ya sauke wa Sufyan har tsuntsayen kan ɗorawa sai da suka tashi.

"Abinci? Abinci ka sa wa ƙafa gaban mutane? Mi ka sha a Illo?"

"Baba, ka haɗiya?" Sufyan ya kama hannun da ya mare shi. "Don Allah ka haɗiya? Ya taɓa harshenka?"

"Sake ni, ɗan banza!"

"Wa ya sha? A cikinku wa ya sha? Ku hwaɗa min!"

"Ya haukace," wani ya ce. "Ku kama shi."

"Bai haukace ba."

Kawu Ɗanmusa ne ya iso yana haki, ya dafa ɗorawa don kada ya faɗi.

"Malam Arzika, ka san ni. Ɗanmusa ne na tsallake. Wanga bokiti nawa ne. Na maganin auduga ne. Duk wanda ya kurɓi kunun ga ya hwaɗi yanzu, ba abin kunya ba ne, rai ne."

Manoma ne dukansu. Ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Waɗanda kunun ya fallatsar wa suka ja da baya suna goge ƙafa da ciyawa. Baba Arzika ya tofar da yawu, ya sake tofarwa, wani ya miƙo masa buta ya wanke gemu da baki.

"Leɓena kawai ya taɓa," ya ce. Muryarsa ta sauya. "Ban kurɓa ba."

"Saura hwa?" in ji Kawu.

"Ba wanda ya sha."

"Muna jiran Baba."

"Ni har na miƙa hannu, Haliru da ke kusa da ni ya buge min."

"Alhamdu lillahi," Kawu ya ce, ya sulale ya zauna a ƙasa. "Alhamdu lillahi. Allah ya tsare."

Sai surutu ya ɓarke. Masu salati na yi, masu zagin Namadi na yi. Haliru yana ta nuna wa kowa hannunsa yana cewa shi ya ceci mutum. Wani ma har ya fara tambayar ko shinkafar ta tsira, don shi dai yunwa yake ji, aka yi dariya irin ta waɗanda suka leƙa rami suka dawo.

 Sufyan ya durƙusa cikin laka, ya kifa goshi a ƙasa, yana kuka ba kunya. Baba Arzika ya dafa kansa da hannun da ya mare shi.

"Tashi. Tashi, Allah ya yi maka albarka. Je ka ba matarka haƙuri, ka zubar mata da aikin safiya guda."

Sai a lokacin ya tuna bai ji muryarta ba.

Ya ɗago.

Hamdiyya na nan inda take, a durƙushe. Ba ta matsa ba ko da kunun ya bi ta ƙarƙashin gwiwarta. Ludayin na hannunta har yanzu, amma rawa yake yi, yana bugun gefen kwano, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Hamdiyya, ki yi haƙuri. Ban sani ba, wallahi ban..."

Ya tsaya.

Gumi ya jiƙe mata hijabi har kafaɗa. Kowa na gumi a fadama, amma ba irin wannan ba. Hawaye na zuba daga idonta alhali ba kuka take ba. Ta sa bayan hannu ta goge baki, yawu ya sake tarowa.

"Baban Lami," ta ce. Harshenta ya yi nauyi. "Tun a hanya nike ganin duhu-duhu. Na ɗauka rana ce."

"Ba ki sha ba. Ke ba ki cin abinci sai maza sun ci. Ko ba haka ba? Hamdiyya, ko ba haka ba?"

"Ban sha ba."

Ya sauke numfashi.

"Ɗanɗanawa na yi."

Kawu Ɗanmusa ya miƙe tsaye.

"Da gwangwanina na saba auna sukari," ta ce, kamar mai ba da haƙuri. "Shi na san hannunshi. Sabon kofin ga ban san cikinshi ba. In na zuba sai in ɗanɗana, in ji bai ji ba, in ƙara. Kuma wani ɗaci-ɗaci nike ji can ƙasa, na ce ko tsamiyar ce. Ban so in ba ka kunya ranar farko."

"Sau nawa, ɗiyata?" Kawu ya tambaya a hankali.

"Ludayi huɗu. Ko biyar."

Ludayin ya faɗi daga hannunta. Jikinta ya tafi gefe, Sufyan ya tare ta kafin ta kai ƙasa. Naman hannunta yana motsi da kansa a ƙarƙashin fata, kamar akwai wani abu mai rai a ciki.

"Ku cire mata hijabin, ya jiƙe da kunu!" Kawu ke ihu. "Kar wanda ya ba ta nono ko manja! Ku kwantar da ita ta gefe! A tada mashin, Illo za a kai ta yanzu!"

Sufyan ya sungume ta ya miƙe. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya fara gudu wajen mashin, mutane na biye da shi, yana kiran sunanta, yana ce mata ta buɗe ido, yana ce mata gobe zai ƙona kayan nan duka ya dawo mata da ludayinta mai waya.

Sai ya ji ta damƙi wuyan rigarsa.

"Kofin..."

"Bar zancen kofi. Yi shiru, mun kusa."

"Baban Lami, tsaya." Ta buɗe ido da ƙyar. Ƙwayar idon ta ƙanƙance kamar kan allura. "Lami na barci na fito. Ta yi ta kuka tana son kunu a kofinta har barci ya ɗauke ta. Na cika mata shi. Na rufe da faifai, na aje gefen tabarmarta, in ta tashi ta gani."

Sufyan ya tsaya cak.

Gidansu jikin masallaci yake. Lasifikar tana kallon tagar ɗakinsu. Tun da aka haifi Lami ba ta taɓa wuce kiran sallar azahar tana barci ba, har tsokanarta suke yi suna ce mata matar ladan.

Daga can cikin Geza, ta saman karan shinkafa, ya ji lasifikar ta yi ƙara.

Ladan ya hura ta sau biyu, ya gyara murya.